Tambaya da Amsa: Waye Mutumin Nan Mai Riƙe da Coci a Hannunsa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Hoton da muka sa a shafin baya na fitowar da ta wuce ya jawo saƙonni sosai, wato zanen bangon nan na wani mutum cikin doguwar riga mai ado yana riƙe da ɗan ƙaramin gini a hannu, wanda muka rubuta a ƙasansa cewa basaraken ƙasar Sabiya ne na zamanin da. Na zaɓo tambayoyi huɗu daga ciki, sauran duk kusan abu ɗaya suke tambaya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Don Allah waye wannan mutumin, kuma meye ma'anar ɗan ginin nan dake hannunsa kamar abun wasan yara? Ni dai ya tsaya min a rai. Daga wani ɗan uwa a Zariya.

AMSA: Amin ɗan uwa, na gode. Sunansa Jovan Oliver, su suna furta na farkon kamar Yoban ne, kuma ɗan ginin dake hannunsa ba abun wasa bane, hoton cocin da ya gina ne aka ƙanƙanta shi, shi kuma zanen a jikin bangon wannan cocin yake har yau ɗin nan. Wurin sunansa Lesnovo, wani ƙauye ne a gindin tsaunukan Osogovo, gabas da birnin Skopje, a ƙasar da yanzu ake kira Masedoniya ta Arewa. Kar ka ce to ya aka yi basaraken Sabiya ya je gini a ƙasar wasu, a lokacin duk yankin nan a hannun sarkin Sabiya yake, Stefan Dushan, wanda ya hau mulki a 1331 bayan ya tumɓuke mahaifinsa, sannan ya dinga cin garuruwan Rumawan gabas ɗaya bayan ɗaya har sai da aka naɗa shi sarkin sarakuna a Skopje ranar 16 ga Afrilu 1346.

Oliver na cikin manyan 'yan gaban goshin Dushan, shi ke riƙe da yankin Ovche Pole da ƙasar dake gabas da kogin Vardar. Abun da ya fi burge ni game da shi shine da kansa ya sa aka rubuta tarihin hawansa a jikin bangon, kusa da hotonsa, ya jero muƙaman da ya riƙe bi da bi: farko babban chelnik, wato jami'in fada, sai babban sluga, ma'anar kalmar bara ko hadimi amma a fada sarauta ce babba, sai babban voyvoda wato sarkin yaƙi, sai sebastokrator, daga ƙarshe despot. Waɗannan biyun na ƙarshe sarautun fadar Rumawa ne, kuma despot ita ce mafi girma bayan sarkin sarakuna kansa. Yanzu Turawa in sun ce despot azzalumi suke nufi amma a wancan zamanin ba zagi bane, kamar kace ubangida ko maigida. A rubutun ma ya faɗi cewa saboda bautar da ya yiwa sarki da amana ne ya kai wannan matsayi.

Shi wurin ba Oliver ne ya fara shi ba. Tun wajen ƙarni na 11 akwai wani mai zuhudu da ake kira Gavril wanda ya kaɗaita a kogunan dutsen wurin yana ibada, bayan rasuwarsa mutane suka ɗauke shi waliyyi, aka samu gidan ruhubanawa, wato Kiristoci masu kaɗaita don ibada, a wurin. Oliver ya zo ya gina sabon coci tun daga tushe a 1341 da sunan Mala'ika Mika'ilu, kuma ba mamaki sarkin yaƙi ya zaɓi Mika'ilu don a wurinsu shine jagoran rundunar sama, da takobi ma suke zana shi. A rubutun ƙofar ba 1341 zaka gani ba, 6849 ne, saboda su lissafinsu daga halittar duniya suke farawa kamar yadda Rumawa ke yi. A 1347 aka kafa sabuwar kujerar bishop ta Zletovo aka ajiye ta a Lesnovo, sai ya zamana cocin ya yi kaɗan da sabon matsayinsa, Oliver ya ƙara masa zaure babba mai ƙubbarsa a gaba, aka gama zanensa a 1349. Rubutun zauren da Girkanci aka yi shi, na farkon kuwa da yaren cocin Sulabawa, dangin ƙabilun da Sabiyawa ke ciki, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda fadar ta koma kwaikwayon Rumawa cikin shekara takwas kacal.

To maganar riƙe ginin a hannu, al'ada ce tasu daɗaɗɗiya. Wanda ya gina coci da dukiyarsa suna kiransa ktitor, kuma ana zana shi yana miƙa ginin ga Almasihu ko ga waliyyi ko mala'ikan da aka sawa cocin sunansa, kamar yana cewa ga abun da na zo dashi. A zauren kuma an sake zana shi da matarsa Ana Mariya da 'ya'yansa, a samansu ga Dushan da matarsa Yelena an yi su manya manya sun fi kowa girma a bangon, yadda duk wanda ya shigo ba sai an gaya masa waye ubangidan waye ba.

Tunda muna zauren bari in ɗan tsaya, don ni a ganina shine wuri mafi kyau a ginin gaba ɗaya. Masu zanen sun ɗauki surorin ƙarshe na Zabura, daga ta 148 zuwa ta 150, inda ake kiran dukkan halitta ta yabi Ubangiji, suka mayar dasu hoto, ga rana da wata, ga burujai goma sha biyu na taurari, ga dabbobi da tsuntsaye da sarakuna, har da wasu samari sun riƙe hannun juna suna rawar da'ira ana kaɗa musu ganga. Irin wannan zanen akan ɗanyen shafen farar ƙasa ake yinsa, dole mai zane ya gama ɓangaren da aka shafe kafin ya bushe, in ya bushe launin ya shige cikin bangon kenan, shi yasa bayan shekara kusan 700 har yanzu ana gane fuskokin.

TAMBAYA: Malam ni tambayata ita ce ina ya samu kuɗin wannan aiki? Don nasan ba da albashi ake irin wannan gini ba. Daga wata 'yar uwa a Maraɗi.

AMSA: Malama kin taɓo inda ya kamata. Hanya biyu ce, ƙarƙashin ƙasa da kuma bayan talaka.

Ta farko azurfa. Sabiya a ƙarni na 13 da na 14 ta yi arziki ne da haƙar ma'adinai, wasu Jamusawa 'yan Sakson da suka ƙware a harkar suka shigo ƙasar aka basu 'yanci na musamman suka buɗe ramuka a wurare irinsu Brskovo da Rudnik da Novo Brdo, fataken birnin Dubrovnik dake bakin teku kuma su ke saye su kai Italiya. Yankin Zletovo da Kratovo, wato daidai inda Lesnovo yake, shima ƙasar dalma da azurfa ce. Oliver har kuɗinsa na kansa ya buga, sulallan azurfa da sunansa a jiki da haruffan Latin, abun da a ƙa'ida na sarki ne, kinga kenan ba ƙaramin mutum bane.

Ta biyun ita ce wadda ba a zanawa a bango, kuma ita ce nake so mu riƙe. Gina coci ba shine ƙarshen aikin ktitor ba, dole ya bar masa abun da zai ci gaba da riƙe shi, to sai ya yanka ƙauyuka da gonaki da gonakin inabi da wuraren niƙa da makiyaya ya mallaka wa gidan ruhubanawan, sarki ya tabbatar da takarda mai hatimi. Kuma in aka ce ƙauye ba fili kawai ake nufi ba, har mutanen cikinsa. Manoman nan da ake kira meropsi a ɗaure suke da ƙasar, ba su da ikon tashi su koma wani wuri yadda suka ga dama. Kundin dokokin da Dushan ya fitar a Skopje a 1349, shekarar da aka gama zauren Lesnovo, ya ƙayyade cewa irin wannan manomi zai yiwa ubangidan ƙasa aiki kwana biyu a sati, da ƙarin rana ɗaya ta yankan ciyawa da ɗaya ta gonar inabi a shekara, ban da kuɗin da zai biya. Su kuma makiyayan da ake kira Vlah da dabbobi da cuku da ɗaukar kaya suke biyan nasu. In kina son ki ga yadda abun yake, takardar babban gidan ruhubanawa na Dechani wadda mahaifin Dushan ya bayar a 1330 ta jero ƙauyukan da aka mallaka masa har da sunayen magidanta gida gida, dubban mutane, shi yasa yau masana tarihi ke ji da ita.

Gaskiya duk sanda na kalli rigar Oliver a hoton nan sai waɗannan mutanen su faɗo min a rai, masu fasa dutse da masu ƙona farar ƙasa da matan da suka yi ta jido ruwa zuwa kan tudu. Mutanen ƙauyen Lesnovo ma an sansu da sassaƙa duwatsun niƙa, ramukan da suka bari a jikin dutse suna nan har yanzu kamar koguna. Ba wai ina rage masa ƙoƙarinsa bane, da yawa daga sa'o'insa sun samu irin wannan dukiya ta ƙare a dawakai da yaƙi, amma dai hannu ɗaya ne aka zana riƙe da ginin alhali hannayen da suka ɗaga shi ba su ƙirguwa.

Dokar Dushan ɗin ta ɗan waiwayi talaka ta wani gefen, akwai sashen da ya ce a dinga ciyar da matalauta a kowane coci kamar yadda waɗanda suka gina shi suka rubuta, bishop ko shugaban ruhubanawan da ya ƙi yi kuma a tuɓe shi daga muƙaminsa.

TAMBAYA: Salam. Malam wannan abun ba kamar wakafi bane a wurinmu? Kuma kana ganin don Allah suka yi ko don suna? Daga wani ɗalibi a Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗalibi, Allah ya bada ilimi mai amfani. Akwai kama sosai. Kalmar da Sabiyawa ke kiran irin wannan gini ita ce zadujbina, daga za dushu, ma'ana domin rai, wato abun da mutum ya tsayar saboda ransa bayan ya mutu. Duk wanda ya san maganar sadaka mai gudana zai gane tunanin nan take, a tsare dukiya ta daina zama ta gado, amfaninta ya dinga tafiya inda mai ita ya ƙayyade. Amma akwai bambanci. Shi ktitor yana da haƙƙoƙi sanannu akan abun da ya gina: a dinga ambaton sunansa da na iyalinsa cikin addu'o'in cocin har abada, a zana shi a bango, a binne shi a ciki in yana so, in tsufa ko faɗuwa ta same shi ya samu mafaka a wurin. Dokar Dushan ma ta ce basaraken dake da coci a ƙasarsa ta gado, sarki ko shugaban coci ba zai ƙwace masa ba, basaraken ne zai zaɓi wanda zai riƙe wurin ya kai shi gun bishop ya sa masa albarka. Sai dai in da kansa ya miƙa cocin ƙarƙashin wani babba, to daga nan ikonsa ya fita.

Shi kuwa Oliver hakan ya yi, a 1342 ya miƙa Lesnovo ga Hilandar, gidan ruhubanawan Sabiyawa dake tsaunin Atos a Girka, wurin da har yau ba a barin mace ta shiga. Hilandar ba ƙaramin wuri bane a wurinsu, kakan gidan sarautar Stefan Nemanya ne ya kafa shi a 1198 tare da ɗansa Sava, bayan tsohon ya sauka daga mulki a 1196 ya shiga zuhudu, kuma a can ya rasu. Tun daga kansa kusan duk sarkin da ya hau sai ya bar nasa ginin, Nemanya ya bar Studenitsa, Milutin ya bar Grachanitsa da wasu da dama, Dechani kuma aka gina shi tsakanin 1327 da 1335. A zamanin Dushan da ƙasa ta faɗaɗa dukiya ta yi yawa sai hakimai suma suka shiga, Hrelya ya gina hasumiya a gidan ruhubanawa na Rila a Bulgeriya wajen 1335 tana nan tsaye har yau, Vlatko Paskachich ya gina Psacha ba nisa da Lesnovo shima ya miƙawa Hilandar.

Yanzu maganar niyya. Abun da ke zuciya Allah kaɗai ya sani, amma ni ban yarda da masu cewa duk riya ce ba, kuma ban yarda da masu mayar dashi waliyyi ba. Mutumin nan ɗan siyasa ne na gaske. A 1342, bayan yaƙin basasa ya ɓarke a daular Rumawa a 1341, Yohanna Kantakuzenos mai neman gadon sarauta ya gudo Sabiya neman taimako, Oliver da yake yana jin Girkanci kuma sun san juna shi ya tarbe shi ya shige masa gaba wurin Dushan, har aka yi maganar aurar da 'yar Oliver ga Manuwel ɗan Kantakuzenos, auren da bai yiwu ba saboda ƙawancen ya watse ba a jima ba. Wanda ke neman surukuta da gidan sarautar Rumawa ya san sarai amfanin coci mai ƙubba da hotonsa a ciki, a ƙasar da ba a daɗe da cinta ba wannan kamar kafa tuta ne. To amma shi ɗin dai ne ya sa wani marubuci mai suna Stanislav ya kwafe littafin addu'o'i da hannu a Lesnovo a 1342, kuma shi ɗin ne a ƙarshen rayuwarsa ya ajiye sarautar ya sa baƙaƙen kayan ruhubanawa ya ɗauki sabon suna, kamar yadda Nemanya ya yi, kamar yadda Hrelya ma ya mutu cikin kayan ruhubanawa. Oliver da sa'o'insa sun ga annobar da ta share Turai a 1347 da 1348 da idonsu, sun kashe mutane a yaƙi da hannunsu, kuma sun yi imani da hisabi ba da wasa ba, bangon cocinansu cike yake da shi. Ni ina ganin tsoron lahira da son suna a zuciya ɗaya suka zauna, shi kansa wataƙila ba zai iya raba maka su ba.

TAMBAYA: Malam da Turkawa suka ci ƙasar ba su rushe shi ba? Kuma ina zuriyarsa? Daga wani ɗan uwa a Garwa.

AMSA: Basu rushe shi ba ɗan uwa, gashi ma har hotonsa ya iso mujallarmu. Dushan ya rasu a watan Disamba 1355, ɗansa Urosh bai iya riƙe hakiman ba kowa ya ja nasa yankin. Oliver shima a wajen wannan lokacin ya bar duniya, 'ya'yansa kuma basu riƙe ƙasar ba, ta koma hannun gidan Deyanovich. A 1371 Turkawan Usmaniyya, na Turkiyya fa ba tamu ta Sakkwato ba, suka murƙushe rundunar Sabiyawa a bakin kogin Maritsa, Konstantin na gidan Deyanovich ya koma biyansu haraji yana bin su yaƙi har ya mutu a fagen Rovine a 1395, daga nan yankin ya shiga hannun Turkawa kai tsaye. Wani abun mamaki, 'yar wannan Konstantin ɗin, Helena, ita ce ta haifi sarkin Rumawa na ƙarshe wanda ya mutu ranar da Sultan Muhammadu na biyu ya ci birnin Santambul a 1453.

Zaman cocinan a ƙarƙashin Turkawa ba kala ɗaya bane, kuma ba zan gyara maka shi ba. Da yawa an barsu suna ibadarsu suna biyan haraji. Wasu manyan na cikin birane an mayar dasu masallatai, kamar Aya Sofiya ta garin Ohrid, inda Oliver ɗin nan ya taɓa sa aka ƙawata wani ɗan ɗakin ibada a bene, a can an shafe zanen bangon da farar ƙasa sai a ƙarni na 20 aka kankare aka fito dashi. A zamanin Sultan Salim na biyu, wajen 1568, gwamnati ta karɓe filayen gidajen ruhubanawa ta ce sai su fanshi abunsu da kuɗi, wasu suka iya wasu suka talauce. Ta ɗaya gefen kuma a 1557 an maido da kujerar babban shugaban cocin Sabiya a garin Pech, da sa hannun Mehmed Pasha Sokolovich, ɗan Sabiyawan Bosniya da aka ɗauka yana yaro ya musulunta har ya kai babban waziri, ɗan uwansa Makariye ne ma ya hau kujerar. Shi wannan wazirin kuma ya bar nasa wakafin, gadar dutse ta Vishegrad akan kogin Drina wadda aka gama a 1577. Ɗalibinmu na Kumasi ya lura da wannan, har kalmar wakafi ta shiga yarensu, vakuf suke cewa, akwai ma garuruwa a Bosniya masu wannan suna.

Shi kuwa Dushan, ginin da ya yiwa kansa don a binne shi a ciki, na Mala'iku Tsarkaka kusa da Prizren, wanda ya fi Lesnovo girma da tsada nesa ba kusa ba, ya zama kango tun da daɗewa, masana da yawa na cewa duwatsunsa aka kwasa aka gina masallacin Sinan Pasha na garin a 1615, ƙasusuwan sarkin kuma yanzu suna cocin Markus a birnin Belgrade. Lesnovo yana nan da ƙubbobinsa biyu, akwai ruhubanawa a ciki suna ibada, kuma wanda duk ke son ganin fuskar Dushan a zane, ɗaya daga cikin mafiya shahara ita ce ta zauren da Oliver ya ƙara a 1349, a saman hoton Oliver ɗin da iyalinsa.

Mai tambaya akan rijiyoyin Zubaida na hanyar Makka, saƙonka ya iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.